Hannun Mai Shari'a a Kejin Sauro

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan da Baba ya ce tana maka gardama, da idon da aka ce likita ya sa wa rana. Mu nan lafiya lau muke, in ban da hawan jinin Baba, wanda ke tashi duk ranar da ƙanena ya karɓi makullin mota.

In ka manta ni, ni ce jikar 'yar baffanka, wadda ka taɓa cewa ba za ka aura ba sai ta daina tsotsar yatsa. Na daina, Kaka, amma ka makara.

Yanzu ina aiki a wani kamfanin buga littattafai. Aikina tantance bayanai: marubuci ya rubuta, ni kuma in bi jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, wa ya faɗa, yaushe, ina shaida. An ɗora mini littafin tarihin rayuwar 'yar yayarka, Goggo Mai Shari'a, wanda za a fitar ranar da za ta ajiye aiki. Sun ce tunda ni 'yar dangi ce ƙofofi za su buɗe mini. Ba su san danginmu ba.

Na haɗo maka da babi na biyu, wanda ke magana a kan yarintarta a gidan mahaifinta, marigayi Farfesa. Ka duba duka, amma ga wurin da ya hana ni sakat:

"Tun tana 'yar shekara bakwai, mahaifinta, masanin sauro, yakan zaunar da ita a ɗakin kiwon sauro, ya sa hannunta cikin keji domin ƙwarin su sha jininta. Ba ta taɓa kuka ba, ba ta taɓa sosawa ba. A wannan ɗaki aka ƙera zuciyar da daga baya ta ƙi rawa a gaban masu iko."

Goggo da bakinta ta ba marubucin wannan labari, kuma ta sha faɗinsa a gaban ɗalibai, ana tafa mata. Matsalar ita ce, cibiyar binciken da Farfesa ya yi wa aiki tana shirin sa sunansa a sabon ɗakin gwaje-gwajenta. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya ga babin, ya tambaya ko ya dace a karrama mutumin da ya ciyar da sauro da jinin 'yarsa ƙarama. An dakatar da maganar har sai an ji daga gare mu.

Cikin waɗanda suka shiga ɗakin nan a wancan lokaci, kai da ita kaɗai kuka rage. Haka aka yi?

Jikarka.

*

Ya ke Jikalle,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai neman ilimi daga wajen wanda ya tara shi, ina sanar da ke cewa gwiwata tana nan a kan ra'ayinta, ni ma ina kan nawa, kuma muna zaman haƙuri da juna. Ki gaida mahaifinki, ki ce masa maganin ciwonsa shi ne ya ɓoye makulli. Zancen aure kuwa, ni na fasa tun da na ji kin shiga sana'ar tambayar mutane shaida. Namiji mai shekaruna ba zai iya zama da irin wannan mace ba.

Na karanta babin da gilashin ƙara girman rubutu. A tsawon aikina a ɗakin karatu na karanta tarihin sarakuna, da na masana, da na 'yan fashin teku, kuma ban taɓa ganin kurakurai da yawa haka sun taru a 'yan shafuka suna zaman lafiya da juna ba.

Na farko, marubucinku ya ce Farfesa yana da baƙar mota. Motar launin toka ce, kuma cewa "yana da" ita ƙari ne, domin makanike ya fi shi zama da ita.

Na biyu, ya ce Farfesa dogo ne mai kwarjini. Kwarjinin na yarda. Tsawon kuwa, in yana son littafi daga kanta ta sama ni yake kira.

Na uku, akwai inda aka rubuta "wani ɗan uwa da ke zaune a gidan". Wani ɗan uwa! Jikalle, wannan "wani" ni ne: ƙanin matar gidan, ɗalibi a lokacin, mai ɗakin da ke kusa da matakala, kuma mai hannun hagun da ya ciyar da zuriyar sauro bayan zuriya ba tare da ko kalmar godiya daga ɗayansu ba.

Tunda ke 'yar zamani ce, bari in bayyana miki. Wanda ke nazarin sauro dole ya yi kiwonsa, kuma sauron kiwo ba ya yin ƙwai sai ya sha jini. Waɗannan an haife su a ɗaki, ba su taɓa fita ba, saboda haka ba su ɗauke da wata cuta. Ɗakin a bayan cibiyar yake, kusa da gidanmu. Ɗumi gare shi da laima kamar banɗakin da aka gama wanka, ga farantan ruwa jere a kan kanta, ga kejuna na raga, kowanne an ɗinka masa hannun riga na yadi a baki. Ta nan mutum zai zura hannunsa, a ɗaure yadin a gwiwar hannu, ya zauna kamar gunki har su ƙoshi. Farfesa nasa hannun yake fara sawa. In nasa ya kumbura sai ya dube ni, ya ce, "Suruki, kimiyya na kiranka." Domin mai ciyarwa ya zauna shiru, sai ya ja kujera kusa da shi ya riƙa karanta masa littafi. Rabin abin da na sani a duniya da hannu ɗaya a keji na ji shi.

Yanzu ga babbar tambayarki. Sai dai 'yata ta shigo ta tsaya mini a ka, ta ce gobe za a cire mini yanar ido, likita ya hana karatu da rubutu, kuma in ban ajiye alƙalamin ba za ta ƙwace. A gidan nan mulki ya daɗe da barin hannuna.

Amma ki rubuta wannan ki ajiye: babu sauron da ya taɓa cizon yarinyar nan a ɗakin nan, ko sau ɗaya. Bayani na nan tafe.

Kakanki, wanda ba "wani" ba.

*

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma addu'ar Allah ya sa an yi aikin idon a sa'a. Baba ya ɓoye makullin, ƙanena ya gano inda yake.

Na gyara motar, na rage wa Farfesa tsawo, kuma "wani ɗan uwa" ya zama "kawunta". Sai dai na yi wani abu da ban san ko daidai ba ne. Na jira bayaninka har na gaji, shugabata na tambayata kullum, sai na ɗauki wasiƙarka na kai wa Goggo.

Na same ta a ofis tana kwashe kayanta. Kwalaye sun cika ƙasa, rigar shari'a na rataye a bayan ƙofa. Ta karanta tana murmushi har ta kai layin ƙarshe. Sai ta cire tabarau.

"Wato Kawu na cewa ƙarya nake yi."

"Ranki ya daɗe, bai ce haka ba."

"Ajiye ranki ya daɗe, ba a kotu muke ba. Ni na ce sun cije ni, shi ya ce ba su cije ni ba. Ɗayanmu ne ke da gaskiya. Ko a kamfaninku akwai hanya ta uku?"

Na ce wataƙila abin ya daɗe, mutum kan haɗa abin da ya gani da abin da aka ba shi labari. Kaka, da na sani da ban faɗa ba. Ta zaunar da ni a kan kwali ta shiga jero mini: kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ake sa wa takarda a ƙasa, warin ruwan farantan, muryar mahaifinta yana karatu, yadda yake ɗaure mata yadin da kansa. Ta ce har yau tana ganin saurayen, da gashi a kansu kamar ƙananan burushi, suna sauka a hannunta suna tashi. Ta naɗe hannun rigarta ta miƙo mini.

"Duba. Ko tabo babu. Kawu kuwa kullum hannunsa kamar an dafa. Baba ya ce ni daban ce. Abin da ke cin Kawu ke nan tun ina yarinya, kishi."

Na kawo maganar kwamitin cibiya. Ta ce mahaifinta bai tilasta mata ba, ita ta nema, kuma duk wanda ya ga laifinsa bai san shi ba. Na ce ai su abin da aka rubuta za su karanta. Ta ce ba za ta goge gaskiya don a sami suna a bango ba, shi ma ba zai so haka ba. Jimla tana nan sai in ka kawo shaida. Ta ƙara da cewa mutumin da ya ƙaryata ta ba ya bukatar kujera a taron ƙaddamarwa.

Ga inda nake. In jimlar ta fita, za a buga a littafi cewa Farfesa ya ba sauro 'yarsa, kuma cibiya za ta janye. In na cire ta ba shaida, na ƙaryata mai littafin a cikin littafinta. Maɗaba'a na jiranmu zuwa ƙarshen wata.

Jikarka.

Ƙari: Na riƙe wannan wasiƙa kwanaki ko taka za ta iso, ba ta iso ba. In fushi ka yi don na kai mata, ka yi mini faɗa a rubuce, na fi son haka da shirun nan.

*

Ya ke Jikalle,

Ina gaishe ki da ido sabo. An cire yanar, kuma abin da na fara gani shi ne cewa bangon ɗakina ya daɗe yana bukatar fenti, na biyu kuma fuskata a madubi, wadda ba wanda ya yi mini gargaɗi a kanta. Ba fushi ya hana ni rubutu ba. An rufe idon da auduga, an kuma ɓoye duk wani alƙalami da ke gidan, har da na bayan agogo wanda na ɗauka ni kaɗai na san da shi.

Faɗan da kika nema ga shi: wanda ya kai rabin shaida gaban alƙali, shi ya jawo wa kansa zama a kan kwali. Na gama. Yanzu ki natsu.

Duk abin da Goggonki ta tuna gaskiya ne. Kujerar, da warin, da karatun, da ɗaure yadin, duka an yi. Ta zauna, ta sa hannu a keji, sau da yawa kuwa. Ban ce ba ta sa ba. Na ce ba a cije ta ba.

Farfesa ya kafa doka cewa yaro ba ya shiga ɗakin nan. Ita kuwa ta lura cewa mahaifinta, wanda aiki ke cinye masa yini, yana zama ya yi wa mutum karatu ne kawai in hannun mutumin na cikin keji. Sai ta nemi a ba ta nata kejin. Aka ce a'a. Ta kwanta a bakin ƙofar ɗakin, duk mai shiga sai ya tsallake ta. Ya ce zai karanta mata a falo, ta ce ita ba jaririya ba ce, aiki take so a ba ta kamar Kawu. Ta daina cin abinci. Tun a lokacin, in ta yanke hukunci ba a ɗaukaka ƙara. Yayata ta ce wa mijinta, "Kai ka jawo, kai za ka warware, amma in na ga ƙurji ɗaya a jikin 'yata, ni da kejunan nan ne."

Ya yi kwanaki yana tunani. Wata safiya ya kira ni, ya miƙo mini ɗan bututun gilashi mai roba a kai, ya ce, "Suruki, za mu yi wa Auta garke." Auta muke kiran Goggonki a gida.

Macen sauro ce ke cizo, domin ita ke bukatar jini ta yi ƙwai. Namiji ba ya cizo, bakinsa ma ba zai iya huda fata ba, ruwan sukari a auduga ya ishe shi rayuwa. Wannan kowane ɗan makaranta ya sani, Goggonki ma ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne kejin da aka rubuta wa sunanta da jan fenti babu mace ko ɗaya a ciki.

Kada ki ɗauka abu ne mai sauƙi. Tun suna cikin ruwa, lokacin da tsutsar ta dunƙule tana shirin yin fiffike, ake rarrabe su, domin na maza sun ɗan fi ƙanƙanta. Mukan sunkuya a kan faranti da sassafe kafin ya tafi ofis, muna tsamo su ɗai-ɗai. Da yake girma kan yaudari ido, in sun fito sai ya sake bin kejin da gilashi yana duba kowanne. Wata rana ya ga mace ɗaya ta ɓuya a kusurwa. Bai tsaya ga cire ta ba, ya ce inda ɗaya ta wuce wata ma za ta iya, ya kwashe kejin duka muka fara daga farko. Da Auta ta zo da hannun riga a naɗe, ya gaya mata da fuskar aiki cewa saurayenta sun tafi hutu.

Shaidar da take nema kuwa ta riga ta fito daga bakinta, ke kika rubuto mini. Gashin nan mai kama da burushi a ka, na namiji ne. Na mace siriri ne, da ƙyar ake ganinsa. Ki tambayi duk wanda ya san aikin. Ni nawa saurayen ba su da burushi, Jikalle. Allura suke da ita.

In ta gama zamanta yakan kwance yadin, ya duba hannun ciki da waje, ya miƙe tsaye ya ce, "Cibiya na godiya." Ita kuma ta gyaɗa kai ta fita tana taku kamar wadda ta ci yaƙi. Da ta tambaye shi me ya sa ita ba ta kumbura, ya ce mata ita daban ce. In ban da zancen hutun sauro, ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma a nan ma bai faɗa ba.

Za ki ce me ya sa na yi shiru. Shi ya ce mini in ta tambaya in gaya mata. Ta girma, ta shiga aikin da take tambayar mutane duk abin da ta ga dama, amma wannan ba ta taɓa tambaya ba. Na zauna a taro na ji tana ba da labarin, na tafa tare da kowa, kuma da zuciya ɗaya na tafa. Domin ita ba ta san maza ba ne. 'Yar shekara bakwai ce da ta ga yadda hannuna ke komawa, ta zura nata tana jiran irinsa, ba ta janye ba. Wannan jarumtar tata ce, ba wanda zai gyara mata ita. Amma ba zan yarda a buga cewa surukina ya ba sauro 'yarsa ba, alhali bayana bai daina ciwo ba tun daga sunkuyon da muka yi don kada hakan ta faru.

Ki kai mata wannan duka, ba rabi ba. Kujerar taro kuwa, ki ce mata na zauna a kan mai gajeriyar ƙafa shekaru, tsayuwa ba za ta gagare ni ba.

Kakanki.

*

Zuwa ga Kaka,

Ina gaisuwa, ina murna da sabon ido. Faɗan ya iso, na karɓa.

Ba don ban yarda da kai ba, sai don aikina ke nan, na fara zuwa cibiyar. Wata mai bincike ta sa mini sauro biyu a ƙarƙashin gilashi. Ɗaya da burushi, ɗaya babu. Na tambaye ta wanne ne wanne ba tare da na ce komai ba, ta ba ni amsarka.

Daga nan na wuce gidan Goggo. Ta ce in karanta mata da baki. Ta tsayar da ni wajen kwanciya a bakin ƙofa, ta ce, "An yi haka." Wajen daina cin abinci ta ce, "Kawu ya ƙara gishiri, ina ci a ɓoye." Da na kai kan kejin mai jan fenti ta daina tsayar da ni. Na ci gaba har ƙarshe.

"Wa ya tabbatar miki da zancen burushin?"

Na gaya mata.

"Kin nuna mata amsar da kike so kafin ki tambaya?"

"A'a, Goggo."

"Maimaita mini wajen hutun."

Na maimaita. Ta ce ta tuna ranar, har ta tambayi mahaifiyarta ina sauro ke zuwa hutu, mahaifiyar ta ce ta je ta tambayi wanda ya ba su. Ta ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ta daɗe tana kallon hannunta.

"Na tsaya a gaban yara na ce musu ni jini na bayar," in ji ta. "Ɗakuna cike."

Na ce kai ka ce jarumtar tata ce. Ta ce ta ji, ba kurma ba ce. Ta karɓi wasiƙar ta ninke, ta ce in tafi, za ta neme ni.

Ba ta neme ni ba. Na buga waya, an ce ta fita. Marubucin ya zo ofis yana cewa na kashe masa babin da ya fi so, wai wa zai sayi littafin da jarumarsa ta fuskanci sauron da ba ya cizo. Shugabata ta ce ba a taɓa jimlar sai da izinin mai ita. Jibi za a kai littafin maɗaba'a, kuma jimlar tana nan yadda take.

Kaka, ina tsoron mun ƙwace mata abin da ba za mu iya mayar mata ba.

Jikarka.

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga kawunta. Na ji an buɗe maka ido, Allah ya ƙara lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, ba ya tafiya daidai, za ka ji dalili.

Na saurari shaidarka, na auna ta da tawa, na same su ba su saɓa ba sai a wuri ɗaya, kuma a wurin kai ke da gaskiya. Zargin kishi da na yi maka na janye shi. Kujerarka tana sahun gaba.

Amma ka san ni. Na yi shekara da shekaru ina gaya wa yara cewa na sa hannu a keji sauro ya sha, kuma ba na son in ajiye aiki da maganar da ba ta tabbata ba a bayana. Jiya da safe na je cibiyar. Shugabanta, yaro ne da bai kai ɗana ba, ya ce yanzu da na'ura suke ciyar da su, ba a cika sa hannu ba. Na ce "ba a cika" ba "ba a yi" ba ne. Ya kira likitansu, likita ya duba ni, aka ba ni takardar amincewa na karanta ta tsaf, na gyara musu sakin layi biyu, na sa hannu. Na ce a ba ni keji, kuma in ga kowacce da idona kafin a ɗaure yadin. Babu burushi ko ɗaya.

Kawu, ashe haka abin yake.

Ban yi kuka ba, wannan a rubuta. Amma na faɗi wata kalma da ban san na iya ta ba, kuma na umarci duk wanda ke ɗakin ya manta da ita. Na zauna har suka ƙoshi. Ina zaune ina kallon su suna cika, sai na tuna hannun Baba, yadda kullum yake sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Ga hukunci, na riga na aika wa yarinyar nan da ta fi ni taurin kai. A soke jimlar. A rubuta cewa mahaifina ya hana yara shiga ɗakin, na tayar masa da rigima, sai shi da kawuna suka riƙa tsince mini maza ɗai-ɗai don in zauna kusa da shi ba tare da an taɓa ni ba, kuma ban sani ba sai bana. A rubuta cewa na ciyar da sauro sau ɗaya a rayuwata, ina da jikoki, da ƙafata na je. Marubucin ya ce babin ya rasa ƙarfinsa. Na ce masa ya je ya zura nasa hannun, sannan mu yi maganar ƙarfi. Kwamitin cibiya kuwa na shiga wajensu da kaina, na ajiye musu hannun a kan tebur na ba su labarin tun daga farko. Za a sa sunan Baba.

Na taɓa yin alfahari da cewa ni 'yar da ta jure ce. Yanzu na san 'yar wa nake, kuma wannan ya fi mini.

Saura abu ɗaya, kuma na gaggawa ne. Hannun ya kumbura tun daga wuyansa har gwiwa, likita ya ba ni wani farin mai da ba ya yin komai, jikokina na tsaye a kaina suna hana ni sosawa. Kai da Baba me kuke shafawa? Kada ka rubuto mini shafi huɗu, Kawu. Sunan maganin kawai.

'Yarka,
Auta.